Katangar da Na Tayar a Jikin Tagar Malam Bulus

Jiya ina zaune a gindin mangwaron nan na ji ɗayanku yana cewa gini ba wani abu ba ne, bulo ne a kan bulo, duk mai ƙarfin ɗaukar kwanon sarki wata uku ya ishe shi ya zama birkila. Ban tanka ba, don a lokacin kun riga kun kwaɓa siminti, kuma ba a jan magini da hira siminti yana bushewa. Yau tunda an tashi da wuri, ku wanke hannu ku matso. Ni Tanko, wanda kuke ce wa Baba Birkila, tun ana kashe fam da sule nake wannan sana'a a garin Keffi, kuma akwai aiki guda da har gobe ba na bi ta ƙofarsa in ina da wata hanya.

Ban fara da siminti ba, da jar ƙasa na fara. Ubana ya kai ni wurin Malam Gambo, wani maginin ƙasa a unguwar Jigwada, 'yan shekaru kafin a ba mu mulkin kai. Shekara biyu cur ban taɓa katanga ba. Aikina in haƙo ƙasa, in zuba ruwa, in watsa ciyawa, in tattaka da ƙafa har ta yi danƙo, sannan in mulmula tubali in jera a rana. Malam Gambo yakan ɗauki tubali ɗaya ya sake shi daga tsayin ƙirjinsa. In ya fashe, duk jerin ranar ya koma rami. Da ya yarda na hau katanga, abin da ya fara koya mini shi ne jira. Ka ɗora sahu ɗaya, ka sauka, ka bar shi ya sha rana, sai gobe ko jibi ka ɗora na biyu. Yakan ce katangar ƙasa rana take ci, ranar da ka hana ta, ranar ta fara mutuwa.

Yana da wata ɗabi'a da take ba ni haushi a lokacin. In aka ba shi fili, ba ya kafa turke sai ya je sau biyu, da hantsi da kuma la'asar, ya tsaya ya ga inda inuwa take faɗuwa. Sannan ya yi sallama a gidajen da ke kewaye, ya tambayi inda suke shanya, da inda ruwansu yake fita in an yi sama. Ni a ganina ɓata lokaci ne da neman gaisuwa.

Siminti kuwa a hannun wani birkila mutumin kudu na koye shi, lokacin da ake gina azuzuwan wata makaranta. Shi ya damƙa mini cokalin gini na farko, ya koya mini ja da igiya, da karanta ma'aunin ruwa mai ɗigon iska a tsakiya, da sakin igiyar dalma a kusurwa don a ga ko bango ya miƙe. Kayan aikin ke nan, ba su cika jaka ba. Amma ya ce bulo sai ya yi mako biyu ana ba shi ruwa safe da yamma kafin ya hau bango, kankare kuma sai ya yi mako uku kafin a cire masa katako. Ashe shi ma jiran ne, irin na Malam Gambo, sai dai launin ƙasar ya sake.

Masu ba da aiki kuwa na ga iri-iri. Malaman makaranta su zo da zane a takarda, su tsaya a kanka da abin awo. 'Yan kasuwa su auna ɗaki da tafin ƙafa, su ce ka ƙara taku biyu bayan ka gama haƙa. Akwai wata tsohuwa mai sayar da daddawa da ta sa na sake wa ƙofa wuri sau uku, don ba ta son ta fito da safe ta fara yin ido biyu da kishiyar maƙwabciyarta. Duk wannan ba ya kashe kowa. Wanda ake tsoro shi ne mai sauri.

Bayan an gama yaƙin basasa kuɗin fetur suka shigo, garin nan ya canza kamar an kunna masa wuta a gindi. Manyan motoci suna sauke siminti, ma'aikata suna ta zuwa da iyalansu suna neman ɗakin haya, ga kuma maganar da ake ta yi cewa za a dawo da babban birnin ƙasa nan kusa da mu. Duk wanda ke da fili ya fara mafarkin bene. A lokacin ne Alhaji Ɗanlami ya aiko a kira ni. Ɗan kwangila ne, da can yana sayar da goro, sannan ya samu hanyar kai wa ma'aikatu kaya. Ya sayi wani kango a unguwar Yara daga hannun magada, fili mai tsawo amma matsattse, yana son bene mai hawa ɗaya, ɗakuna a ƙasa, ɗakuna a sama, duk na haya. Ban taɓa riƙe aikin bene da kaina ba. Da ya ce ni ya zaɓa, na tafi gida ƙafata ba ta taɓa ƙasa.

Yamma da filin akwai gidan Malam Bulus. Dattijo ne mutumin wajen Garaku, ya yi koyarwa a makarantar mishan har ya yi ritaya, ya zauna a Yara sama da shekara ashirin. Gidan ƙasa ne mai rufin kwano, ɗaki biyu da madafa. Matarsa da 'ya'yansa suna ɗaki ɗaya, ɗaya ɗakin kuwa shi ne ya jingina da iyakar filin Alhaji, kuma a nan tsohuwar mahaifiyarsa take kwana, wadda duk unguwa ke kira Iya. A jikin bangon gabas na ɗakin akwai taga babba mai murfin katako biyu. A gindin tagar nan Malam Bulus yake ajiye teburinsa, don bayan ya bar aji gyaran agogo ya kama. Da safe ya buɗe murafen, ya maƙala gilashi a ido ɗaya, ya ɗauki ɗan hantsakinsa yana tsintar ƙusoshin da ba su kai ƙwayar gero ba. Duk wani ma'aikaci a garin nan da agogonsa ya tsaya, ta wannan tagar yake miƙa shi.

Ranar da na ja igiyar harsashi, na bar taku huɗu tsakanin ginin da bangon Malam Bulus. Washegari na tarar an tuge turakuna an matsar da su, abin da ya rage bai fi kamu ɗaya ba. Alhaji yana tsaye da kansa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan lungun ko akuya ba za ta iya juyawa a ciki ba."

Ya ce, "Akuya na ce ka gina wa wuri? Tanko, filin nan da kuɗina na saye shi, har da iskar da ke samansa. In na bar taku huɗu, ɗakunan sun zama akurki. Wane ma'aikaci zai kama akurki?"

Na ce, "Akwai tagar Malam."

Ya ce, "Tagarsa a bangonsa take. Na taɓa masa bango?"

Na yi shiru, na ɗauki diga na ba leburori. Wannan shirun shi ne kuskurena na farko, sauran duk 'ya'yansa ne.

Da bango ya kai gwiwa, Malam Bulus ya leƙo ta taga, gilashin yana goshinsa. Mutum ne mai sanyin magana, Hausarsa tana da ɗan karin yarensu. Ya ce, "Sannu da aiki, ɗana. Wannan bango ina zai tsaya?"

Na ce, "Bene ne, Malam."

Ya ɗaga kai ya dubi sama, ya daɗe yana dubawa, kamar mai auna wani abu. Sannan ya ce, "To. Allah ya ba da sa'a." Ya koma kan agogonsa.

Ba a yi kwana uku ba aka tara mu a zauren mai unguwa. Wani malami dattijo da aka gayyato ya yi bayani cewa abin da shari'a ta hana ƙarara shi ne mutum ya buɗe taga yana leƙa tsakar gidan maƙwabcinsa. Tare haske da iska kuwa malamai sun yi saɓani, da yawa sun ce ba a hana mai fili ɗaga gininsa, sai dai haƙƙin maƙwabtaka abu ne mai nauyi, mai tsoron Allah ba ya wasa da shi. Malam Bulus ya ce shi kuma ya karanta a dokar da Turawa suka bari cewa tagar da ta shekara ashirin tana shan haske ta samu haƙƙi, ba a toshe ta.

Alhaji ya yi dariya ya ce, "Malam, ai Turawa sun tafi."

Malam Bulus ya ce, "Sun tafi, Alhaji, amma ba su tafi da idona ba. Da shi nake ci."

Mai unguwa ya roƙi Alhaji ya ja baya ko da taku biyu ne. Alhaji ya ce harsashi ya riga ya sha kankare. Aka tashi ba a daidaita ba, Malam Bulus ya kai ƙara kotu, aka sa rana nan da mako shida.

Daga nan ne aikin ya zama abin tsoro. Wani ya gaya wa Alhaji cewa kotu tana iya tsayar da ginin da ba a gama ba, amma da wuya ta sa a rushe wanda ya riga ya tsaya. Sai ya kira ni ya ce kafin ranar shari'a yana son a zuba dakin, wato rufin kankare na hawan farko, a kuma tayar da bangon sama. Ga damina ta kankama. Bulon da aka buga shekaranjiya shi ake miƙo mini, ina danna shi da babban yatsa yana ɗan lotsawa. Yashin da ake kawowa daga rafi jiƙe sharkaf, ba ka sanin ruwan da za ka ƙara. Muna ɗora sahu shida, bakwai a yini. Duk safiya kafin kowa ya zo nakan saki igiyar dalma a kusurwa huɗu, ina riƙe numfashi har ta daina lilo.

A mako na uku bango ya wuce tagar. Ni da hannuna na ɗora bulon da ya rufe ta. Ina jin ƙarar agogunan a ciki, kas-kas-kas, kamar ɗakin cike yake da ƙwari.

Ana cikin haka sai ga Malam Gambo, ya tsufa yana dogara sanda, wani ya kai masa labari. Bai dubi benen ba ko sau ɗaya. Ya wuce kai tsaye bakin lungun nan, ya zura hannu ya shafa gindin bangon Malam Bulus, ya sansana yatsunsa. Sannan ya kira ni gefe.

Ya ce, "Tanko, kai da su duk taga kuke magana. Ba tagar kaɗai ka rufe ba. Bangon nan shekara ashirin ruwa yana dukansa da yamma, rana ta busar da shi da safe. Yanzu wa zai busar da shi? Ga shi ka haƙa rami a gindinsa. Ruwan saman benenka ina zai zuba?"

Na ce, "Za a sa bututu, Baba. An yi odarsa, bai iso ba."

Ya ce, "Ruwa ya san an yi oda? Ka ajiye cokali yau."

Na je na sami Alhaji a shagonsa na gaya masa. Ya saurare ni har na gama, ba tare da ya ɗaga murya ba ya ce, "Bangon ƙasa dama faɗuwa yake yi, ko da ni ko ba ni. In ka ajiye, gobe wani zai ɗauka. Amma ka sani, duk masu gini a garin nan tare muke cin abinci. Ba za ka ƙara riƙe ko ginin bayan gida ba." Ina da mata da jariri, ga mutum tara suna ci a ƙarƙashina. Na koma na ɗauki cokali.

Ran nan da rana tsaka na yi sallama a gidan Malam Bulus na ce ina son in ga ɗakin daga ciki. Bai hana ni ba. Na shiga na tsaya, sai da idona ya saba sannan na fara ganin abubuwa. Rana tana tsakiyar sama a waje, amma shi ya kunna fitilar ƙwai a kan tebur, ya kusa manna fuskarsa da agogon da yake gyarawa, hawaye na zubo masa saboda hayaƙi da ƙurawa. Ɗakin yana warin rijiya. Iya tana kwance a gadon kara ta lulluɓa da zane biyu tana tari. Na ɗauki fitilar na haska bango. Daga ƙasa har zuwa ƙugu ya yi baƙi da laima, gansakuka ta fara fitowa, ga wata tsaga ta taso daga kusurwar tagar ta gangara. Na danna yatsa a gindin bangon, ya shige kamar a cikin tuwo.

Na kwaɓa ɗan siminti na shafa siriri a kan tsagar, yadda ake yi in ana son a san ko tana tafiya. Washegari na dawo, shafen ya rabe biyu. Na sake shafawa, ya sake rabewa. A kwana na huɗu tsinken tsintsiya yana shiga, a na bakwai ɗan yatsana.

Na ce, "Malam, don girman Allah ku fita daga ɗakin nan. Ku mayar da Iya wancan."

Ya ce, "Na gwada, ɗana. Ta ce a nan mijinta ya cika, ba mai fitar da ita sai a kafaɗa. Ni kuma an ce ranar Litinin mutanen kotu za su zo su gani da idonsu. In suka tarar na kwashe tebur, Alhaji zai ce dama ɗakin ajiya ne. Bari su zo su same ni da fitila da rana tsaka."

Abin da na iya yi shi ne na saci katako uku daga wurin aikin na tokare bangon daga ciki. Na san tokara ba ta riƙe ƙasar da ta jiƙe, tana dai ba mutum ɗan lokacin gudu. Kwanakin nan ko abinci na sa a baki ba na jin ɗanɗanonsa. Ina kan bene ina jera bulo, amma idona yana gabas. Da na ga hadari ya fara haɗuwa sai in ta salati a zuci har ya watse.

Ranar Asabar, saura kwana biyu mutanen kotu su zo, bayan azahar hadari ya taso baƙi ƙirin, bai watse ba. Muna sama muna rufe sabon aiki da buhunan siminti ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Leburori suka gudu ƙasa suka fake. Ni na rarrafa zuwa gefen yamma na leƙa. Duk ruwan da ya sauka a kan dakin ɗin nan, faɗinsa da tsawonsa, ya haɗu yana kwarara cikin lungun kamu ɗaya, yana dukan gindin bangon. Ruwan da ke fitowa ta bakin lungun ja ne wur. Bangon ne yake narkewa.

Ban san yadda na sauko ba. Na faɗa gidan ba sallama, ina ihu, "Ku fito! Malam, ku fito!" Ruwa ya kai idon sawu a ɗakin, fitila tana ci a kan tebur, bangon ya yi ciki ya turo, katako ɗaya ya riga ya lanƙwashe yana ƙara. Malam Bulus yana tsugune gaban gado yana lallashin Iya da yarensu, ita kuma ta riƙe ƙafar gadon da hannu biyu. Ban tsaya neman izini ba, na sunkuce ta. Ba ta fi damin kara nauyi ba, amma ta yi ta dukana a ka tana zagi, ta kama dokin ƙofa sai da na ɓamɓare yatsunta. Na fito da ita tsakar gida na miƙa wa matar Malam. Na juya, ina tsammanin yana bayana.

Ba ya bayana. Ya koma.

Na hango shi yana tattara agogunan da ke rataye a ƙusoshi yana zubawa a gwangwani. Na ce, "Malam, bar su!" Ya ce, "Na mutane ne!" Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Ku da ba ku taɓa ganin faɗuwar bangon ƙasa ba, kuna zaton ƙara yake yi kamar aradu. Ba ya yi. Wani irin nishi na ji, kamar an sauke babban buhu daga mota, fitila ta mutu, kwanon rufi ya sunkuyo, ƙofar ta cika da laka.

Matarsa ta kurma ihu, unguwa ta taru cikin ruwan. Leburorina suka zo da diga da shebur, na tare su na ce kada wanda ya sara, da hannu za a tona. Muka yi ta kwasar laka da hannu muna zubawa a kwanon sarki, ana miƙawa baya. Ina tonawa ina kiran sunansa, ba amsa. Farcena biyu suka fita ban sani ba sai daga baya. Can wani ya ce ya taɓa ƙafa. Muka bi ƙafar, muka same shi a ƙarƙashin teburin, teburin ya karye amma ya tare masa kai da ƙirji. Yana numfashi. Gwangwanin yana rungume a hannunsa na hagu. Hannun dama kuwa yana waje, azarar da ke saman tagar ta faɗo a kansa da duk nauyin bangon. Mu huɗu muka ɗaga ta. Da na ga yadda yatsun suka koma, na juya na yi amai a cikin ruwan.

An kai shi asibiti a bayan motar yashi. Ya rayu. Amma an yanke yatsu uku, sauran biyun kuma suka sandare.

Bayan mako biyu sammaci ya same ni, kotu tana nemana shaida. Kafin ranar, Alhaji ya aiko na je. Ya ba ni wurin zama, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce, "Tanko, me ya kayar da bangon nan? Ruwa ne ko ba ruwa ba?"

Na ce, "Ruwa ne, ranka ya daɗe."

Ya ce, "To, abin da za ka faɗa ke nan. Kada ka ƙara, kada ka rage. Ka tuna kai ka haƙa, kai ka gina. In aka ce akwai laifi, ba ni za a fara ɗaurewa ba."

Gaskiya ya faɗa, kuma da niyyar bin maganarsa na shiga kotu. Na tsaya a wurin shaida. Malam Bulus yana zaune a benci na gaba, hannun a naɗe an rataye masa a wuya. Bai dube ni ba. Alƙali ya tambayi sunana da sana'ata, sannan ya ce, "Tazarar nawa ka bari tun farko?"

Na ce, "Taku huɗu, ranka ya daɗe."

"Ya aka yi ta koma kamu ɗaya?"

Na ji Alhaji ya yi gyaran murya a bayana. Na buɗe baki in ce ban tuna ba, sai na ji kaina ina cewa an tuge turakun, kuma ga wanda ya tuge. Daga nan ban iya tsayawa ba. Na faɗi zuwan Malam Gambo, da maganar bututu, da shafen simintin da yake rabewa, da katakon da na sata.

Alƙali ya ajiye alƙalami ya ce, "Wato ka san zai faɗi."

Na ce, "Na sani."

"Me ya sa ka ci gaba?"

Na ce, "Tsoro, ranka ya daɗe."

Ya sake ɗaukar alƙalaminsa. Ya ce ba zai ɗaure ni ba tunda ban ɓoye ba, amma in je in zauna da abin da na sani. Hukuncin da ya yanke shi ne Alhaji ya sake gina ɗakin da bulo, ya ɗauki nauyin jinya, ya kuma sa bututu ya kawar da ruwansa. Maganar haske kuwa, wadda ita ce asalin ƙarar, ya ce gini ya riga ya tsaya, ba za a rushe ba.

Shekarar da ta biyo baya ita ce mafi muni a sana'ata. Masu kuɗi suka ce ni mai tona asirin uban gida ne, talakawa suka ce bangona yana cin mutum. Garin da ake gini ta ko'ina, ni ko gyaran dakali ba a kira ni. Yarana suka watse wurin wasu. Na koma bin ƙauyuka da cokalina a jaka, ina yaɓen rumbu da daɓen masussuka, wani lokaci a sallame ni da dawa. Aiki guda da na yi a cikin gari a shekarar shi ne ɗakin Malam Bulus, kuma shi Malam ɗin ne ya ce ni yake so. Ya ce wanda ya san inda ya ɓata shi ya san inda zai gyara. Na yi masa harsashi mai zurfi, na bar kowane bulo ya cika kwanakinsa, na fitar da taga ta kudu, can sama kusa da rufi, inda na lissafa rana za ta ɗan leƙo. Tana leƙowa, na ɗan lokaci kafin azahar. Ko da ta yini tana leƙowa ma, babu yatsun da za su riƙe hantsaki.

Daga baya aiki ya dawo, don gari yana girma kuma mutane suna mantuwa. Na gina benaye da yawa bayan wannan. Amma tun daga ranar, ba na kafa turke sai na shiga gidan da ke kusa na ga tagoginsa da irin bangonsa da inda ruwa zai bi. In mai aiki ya taɓa mini turke, jakata nake ɗauka. Na rasa ayyuka masu tsoka saboda haka, kuma ku ma za ku rasa in kun bi maganata. Ku dai ku san cewa duk bangon da kuka tayar fuska biyu gare shi, kuma akwai masu rai a bayan wadda ba ku gani.

Iya ta rasu da rani, tarin bai sake ta ba. Malam Bulus ya wanke agogunan nan ɗaya bayan ɗaya, matarsa tana riƙe masa, ya bi masu su gida-gida ya mayar, yana ba su haƙuri cewa bai samu gyarawa ba. Sannan ya sa gidan a kasuwa. Duk wanda ya zo dubawa ya ga duhun tsakar gida sai ya juya. A ƙarshe mutum ɗaya ne ya taya, Alhaji Ɗanlami.

Ranar da za su koma Garaku na je na taya su ɗaura kaya a mota. Na ɗora gadaje da tukwane da ƙafafun teburin nan da ya ƙi yarda a jefar. Da aka gama, direba ya tayar da mota, matarsa da yara suka hau. Ni ina tsaye gefe, na kasa ɗaga ido daga ƙasa. Sai ya tako ya zo gabana. Ya fara ɗago hannun dama kamar yadda ya saba, ya dube shi, ya mayar cikin aljihun riga. Ya miƙo mini ɗayan.

Ya ce, "Ɗana, ka yi haƙuri da hagu."